Markar da Rabi Ta Rubuta Mu da Turanci

Yau kwana huɗu ke nan ruwa bai ɗauke ba a Anka. Marka ta kama sosai, bangon ɗakin da aka ba mu aro ya jiƙe har yana warin laka, ni kuwa ina zaune bakin ƙofa kamar tsohuwar kaza, ba gona ba fartanya. Gonata tana can tungarmu, bayan Bagega, 'yan bindiga sun hana kowa leƙa ta. Irin wannan ruwan aka yi shekarar da azumi ya faɗo tsakiyar marka, shekarar da ɗiyata Rabi ta zo hutu da aikin Turanci a jakarta. Ni Bawa aji biyu na yi a firamare kafin malam ya gaya wa mahaifina cewa kaina ya fi dacewa da ɗaukar dami. Duk inda rubutuna ya karkace, ku bi shi a hankali.

Sai na fara da shekarar da ta gabaci wannan, in ba haka ba labarin ba zai zauna ba. Da rani dutsen gwal ya shigo mana. Samari su haƙo shi a daji su kawo gida cikin buhu, mata su daka, a shanya garin a tsakar gida, a wanke. A gidana turmi ɗaya ne. Shi ke dakan dutse da hantsi, shi ke dakan fura da azahar, a tsakani a watsa masa ruwa a kife. Ƙura ta kwanta kan tabarma, kan ƙwarya, kan kawunan yara, mu kuwa muna murna. Na sayi rediyo, na sayi hular da ta fi kaina girma.

Da damina ta faɗi sai ƙananan yara suka fara jijjiga. Yaro yana wasa sai ya sandare, ido ya juye, kwana biyu a kai shi makwanci. Muka ce iska ce, muka ce zazzaɓin damina ne. Cikin waɗanda aka kai har da Safiyata, shekararta uku. Daga baya labari ya zo cewa akwai dalma cikin dutsen, guba ce, ta shiga ƙasar gidaje, yara suna lasa tana shiga jininsu. Wasu likitocin waje suka sauka manyan garuruwa da fararen motoci, suna ba yara magani, ana kwashe ƙasar tsakar gida ana zuba sabuwa. Sai wani labarin ya biyo baya, wai duk garin da aka samu ana dakan dutse gwamnati za ta rufe ramukansa.

Dattawanmu suka zauna gindin tsamiya suka yanke magana: in baƙi sun zo, ba a dakan dutse a nan, ba yaron da ya mutu. Aka rasa wanda zai iya faɗin haka bai yi in'ina ba. Sai kowa ya juyo ya dube ni, don ni ne na taɓa sa rabin gari suka fita da sanduna neman kurar da ba ta zo ba.

Mutum biyu suka zo kan babur, na tare su bakin gari.

"Dutse? Ranka shi daɗe, mu da ko gero ba mu samu mun daka ba? In kun ji tabarya garin ga, to wata ce ke dakan kan mijinta."

Suka yi dariya, suka sha ruwa, suka rubuta wani abu, suka juya. Ranar har mai unguwa ya ba ni goro biyu. Aka mai da dakan daji, amma ƙasar gidajenmu tana nan yadda take.

To, shekara ta zagayo. Rabi tana sakandare a Anka, tana zaune gidan ƙanwata, saura mata shekara guda ta gama. Ta iso ana gobe azumi, ta ƙetare gulbi ruwa iya gwiwa, jakarta bisa kai.

Wanda bai yi azumi cikin marka ba yana tsammani sauƙi ne, tunda ba rana. Ƙishirwa ce babu, amma yunwa tana nan da ƙarfinta. Rumbu ya kai ƙasa, in ka leƙa sai ƙamshin tsohon gero da kashin ɓera. Sabon kuwa yana tsaye a gona kore shar, ko ciki bai yi ba. Da asuba mu sha kunu mai ruwa, mu fita maimai, ciyawa ta tashi kamar ana jan ta daga sama. Ka nome kunya yau, ruwa ya sauka, jibi ka tarar ciyawar ta sake kama ƙasa tana dubanka. Hajara, uwar yarana, ta wuni tana faɗa da jiƙaƙƙen itace, hayaƙi ya cika gida, wuta ta ƙi. Buɗa baki tafasa ce da rama, a barbaɗa ɗan ƙuli in an samu. Soro yana yoyo wuri uku, kowane wuri da ƙwaryarsa. Cikin wannan caɓi Autarmu Amina, wadda ba ta cika shekara biyu ba, take yawo tsakar gida, duk abin da ta damƙa sai baki.

Rana ta biyu ga azumi na dawo gona na tarar da Rabi a zaure ta baza littattafai.

"Mi kike yi haka kamar alƙali?"

"Malaminmu na Turanci ya ba mu aikin hutu, Baba. Kowa zai zaɓi tambaya guda a kan garinsu, ya tambayi mutum goma ko fiye, ya rubuta abin da kowa ya ce da sunan wanda ya faɗa, sannan ya faɗi abin da shi ya gano. Shafi shida, da Turanci."

"To ga tambaya. Mi ya sa jakin Mani ba ya kuka sai liman ya tada salla? Ni kaɗai ina cika miki shafi huɗu."

Ta yi dariya ta ce ta riga ta zaɓa: me ya sa manoma suka bar maiwa suka koma gero mai saurin nuna. Ta nuna mini tsarin da ta zana a bayan littafi, gida-gida kamar ramukan dara. Gidan farko na gabatarwa, na biyu na tambaya, na uku na abin da mutane suka ce, na huɗu na abin da ido ya gani, na ƙarshe na kammalawa. Na ji daɗi. Na kai ta gona na yi mata bayanin gero na awa guda, rabi gaskiya, rabi abin da ya zo bakina, tana ta rubutawa da fensir.

Kwana uku ta yi a kan gero. A na huɗu ta shiga gidan Mani, maƙwabcinmu, ta tambayi matarsa Tumba wane iri suka fi so. Tumba ta ce da ita, "Wa zai ci geron, ɗiyata? Biyu na binne bara." Rabi ta dawo gida ta yage shafin geron ta miƙa wa uwarta ta hura wuta da shi. Ta zana sabon tsari. Tambayar yanzu ita ce me ya kashe yaran tungarmu bara.

Abin da ba mu lissafa ba a gindin tsamiya shi ne mata. Baƙo a bakin gari yake tsayawa, Rabi kuwa ɗiyar gari ce, ba ɗakin da ba ta shiga. Ta zauna ta taya tsinkar rama, mata su yi ta magana. Ta zana tungar a shafi guda, kowane gida da ɗan akwatinsa. Gidan da aka daka dutse ta ɗiga masa baƙi, gidan da aka yi rashi ta ja masa layi. Ni da ban iya karatu sosai ba, da na leƙa sai na ga ɗigo da layi suna tafiya tare kamar miji da mata. Akwati ɗaya ne ta bari fari, namu.

Mai unguwa ya kira ni bayan la'asar.

"Bawa, an ce ɗiyarka tana rubuta mu da Turanci."

"Wasan makaranta ne, ranka shi daɗe."

"Wasa? Kai ka taɓa ganin takardar Turanci da ba ta gwamnati ba? Ta haraji, ta sammaci, ta filin kasuwa, duk daga can suke fitowa, can suke komawa. Kai ka rufe bakin gari, kada gidanka ya buɗe shi."

Wallahi na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Duk tsawon rayuwata ban taɓa riƙe takardar Turanci da ba ta zo da tashin hankali ba.

Da na koma gida Rabi ta tare ni da littafi. Ta ce ta samu mutum goma sha ɗaya, duk mata, tana son namiji guda.

"Baba, an daka dutse a gidan nan?"

"Ke ba nan kike ba?"

"Ina makaranta lokacin. Kuma malam ya ce sai abin da mutum ya faɗa da bakinsa."

"To rubuta. Safiya tsuntsu ne ya gitta ta bisa kanta ran Laraba. Baƙi ne, mai jan baki, na gan shi da idona."

Ta rubuta. Ba ta yi dariya ba, ba ta ɗago kai ba. Ta tambaye ni tsawon tsuntsun, na gwada mata da hannu, ta rubuta wannan ma. Ban taɓa yin ƙaryar da ta yi mini nauyi kamar wadda aka rubuta a gabana ba.

Washegari ta tafi rijiya, hadari ya haɗo. Na shiga ɗaki, da azumi a bakina, na ɗauke ƙwaryar da ke tare yoyo na ajiye littafinta a wurin, na fita gona ina waƙa. Da na dawo na tarar da ita bakin murhu tana ɗaga shafi ɗaya-ɗaya, sun manne kamar waina.

"Baba, a kan akwati na bar littafin nan."

"Ɓera ne."

"Ɓeran ya san inda ke yoyo."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Fensir ba ya wankewa da ruwa, ashe, wannan ma ban sani ba. Abin da ya yage ta sake bin matan ta tambaya.

Tsakiyar azumi, da la'asar, Hajara tana dakan ɗan abin buɗa baki, sai na ji tabarya ta faɗi. Auta ce a ƙasa cikin caɓi, ta sandare, hannu ya dunƙule, ido ya koma sama. Yadda Safiya ta yi, ba bambanci ko kaɗan. Aka ɗauke ta, aka yi tofi, aka karɓo rubutu wurin liman. Kafin magariba ta dawo, ta yi barci.

"Baba, a kai ta Anka," in ji Rabi. "Likitocin suna can, ba a biyan komai."

"Gulbi ya cika."

Kwana biyu wannan gaskiya ce, ko babur ba ya ƙetarewa. Daga na uku ruwa ya janye, ni ban janye ba. Na san in na kai ta za a tambaye ni daga wane gari, in na faɗa za a buɗe littafi a ga an rubuta ba dutse ba mutuwa, a tambayi wa ya faɗa. Sannan in dawo in haɗa ido da mutanen gindin tsamiya. Ina cikin wannan juyi sai wata dabara ta faɗo mini, har na yaba wa kaina. Tunda takardar Turanci gwamnati take zuwa, to ita ta yi maganar. Mota ta zo da kanta, a kwashe ƙasa, a ɗauki Auta, ni kuwa in ce aikin yara ne, ba ruwana.

Na kira Rabi zaure na ce ta goge tsuntsu. Na faɗa mata komai, turmi, ƙura, babur, goro biyu. Na ce ta sa Turanci mai nauyi, irin wanda in gwamna ya karanta zai tashi tsaye. Sunana ne kawai na ce kada ta sa, ta ce wani dattijo.

"Baba, aikin aji ne fa. Malam zai karanta, ya ba ni maki, ya maido mini."

"Ke yarinya ce, ba ki san Turanci ba."

Ni mai aji biyu nake gaya wa mai aji goma sha ɗaya haka.

Sauran azumin a zaure ta yi shi, don nan ne haske ke shiga. Tana da wani ƙamus da ba bango, ya kumbura da danshi, ta yi ta juya shi tana neman yadda Bature ke cewa jijjiga. Ta rubuta da fensir, ta karanta a bayyane, ta soke, ta sake. Sannan ta kwafe da biro a kan doguwar takarda, in ta yi kuskure ɗaya ta fara shafin daga farko. Da yamma in yunwa ta ci ƙarfinta sai ta ajiye biron ta hura yatsunta. Ni kuwa ina zagaya ta kamar mai jiran tuwo, ina tambaya ko ta sa cewa abin na gaggawa ne. Sau uku ta kwafe shi kafin ya yi mata.

Aka yi salla, ba sabuwar riga ko ɗaya a gidan. Auta ta sake jijjiga sau ɗaya kafin hutu ya ƙare. Ranar da Rabi za ta koma, na fito na tarar Hajara ta goya Auta, ta yafa mayafi, tana tsaye bakin zaure.

"Malam, mu bi ta. Babur ɗin yana ɗaukar mu uku."

"A bari takarda ta isa tukuna. Har ƙofar gida za su zo, mi ne na wahalar da yarinya cikin laka?"

"Baba, don Allah," in ji Rabi.

"Na gama magana."

Hajara ta daɗe tana dubana. Sannan ta juya ta kwance goyon.

Ruwa ya fara ja baya. Gero ya fidda kai, ya yi bununi, ya yi ido. Yara suka fara gasa tumu, ƙamshinsa ya cika gari, fuskokin mutane suka ɗan sake. Ni kullum in na idar da sallar asuba sai in hau tudun bakin hanya in zauna ina duban gabas, in na ji ƙarar inji in miƙe tsaye, sai in ga mai babur da buhun gawayi. Mani ya ce ko amarya nake jira. Na ce masa eh, fara ce, mai ƙafa huɗu. Aka yi dariya. A cikin gida Auta ta yi jijjiga sau huɗu. Ta daina cewa Inna. In aka miƙa mata ludayi ba ta juyowa sai ya taɓa leɓenta.

Da aka fara yankan gero na kasa haƙuri, na hau babur zuwa Anka na nemi makarantar. Aka kai ni wurin malamin Turancin, wani siririn mutum ɗan Gummi mai tabarau. A kan teburinsa ga takardu jibge, an ɗaure su da igiya.

"Kai ne mahaifin Rabi? Zauna, Baba. Jiya da yamma na kai kan takardarta, yara sun fi sittin. Tun da nake koyarwa ban karanta irinta ba. Dama yau nake cewa a kira mini ita."

"To alhamdu lillahi. Yaushe motar za ta zo?"

"Wace mota?"

Na yi masa bayani. Ina yi ina jin maganar tana lalacewa a bakina. Ya cire tabarau ya ajiye.

"Baba, takardar nan daga teburin nan sai jakar Rabi. Ba inda take zuwa." Ya buɗe shafi na biyar ya ɗora yatsa. "Nan ta rubuta mahaifina ya ce. Nan kuma ta ce ƙanwarta ta fara. Ina yarinyar?"

"Tana gida."

"Gida? Likitocin suna cikin garin nan, daga nan ana hango rufinsu!"

Na waiga sai ga Rabi tsaye bakin ƙofa, an kira ta. Ba ta gaishe ni ba, ba ta dube ni ba, allon bango take kallo. Malamin ya ɗauki makullin babur ɗinsa ya ce mu tafi. A ranar muka ɗauko Auta da uwarta.

Bayan mako biyu farar mota ta shiga tungarmu. Aka kwashe ƙasar gidaje, aka zuba sabuwa, aka ɗebi jinin yara. Ba wanda ya rufe rami ko ɗaya. Mai unguwa da kansa ya yi musu jagora gida-gida, har yana cewa dama sun daɗe suna jira. Auta ta rayu. Tana nan bayana a kan tabarma yanzu, ta yi tsawo, ba ta magana, idonta haske kawai yake rarrabewa. Rabi ta gama makaranta ta yi aure a Bukkuyum, tana aiko wa uwarta da saƙo, ni tana gaishe ni yadda ake gaida maƙwabci.

Amma abin da ba ya barina shi ne ranar da muka isa asibitin. Wata ma'aikaciya Bahaushiya ta karɓi Auta, ta haska mata ido, ta ɗaga hannunta ta saki ya faɗi. Ta ɗauki biro.

"Yaushe ta fara?"

Na ƙirga da yatsu daga tsakiyar azumi, na sake ƙirgawa ko zai ragu.

"Kwana hamsin."

Ta ɗago kai. "Kwana hamsin kuna jiran me, Baba?"

Ƙarya uku suka zo bakina a lokaci guda, kowace mai kyau, gulbi, babur, iska. Da kowace na ɗauka da ta wuce. Na haɗiye su.

"Takarda muke jira."

Hajara tana zaune bakin gado, zanen goyon a hannunta. Shekara ashirin da wani abu muna tare ba ta taɓa gyara mini magana gaban baƙo ba.

"Ba mu ba," ta ce. "Kai."